Wane kaya ne ya fi amfani ga mai haɗa giya a gida?

Wani ɗan'uwa daga Bukuru, kusa da Jos, ya aiko da tambaya. Ya ce ya tashi yana ganin gwaggonsa tana dafa burkutu, yanzu kuma yana kallon Turawa a YouTube suna haɗa giya da ruwan inabi a ɗakin girkinsu da wasu tukwane masu ƙyalli. Yana so ya gwada irin ta kwalba don shan gidansa, aljihun kuma ba nauyi. Wane kaya ne ya fi amfani, wanne zai fara saya?

Ɗan'uwa, bari mu fara da inda kake zaune. Musulmi ya san hukuncin giya a addininsa, haramun ce yinta da shanta da sayar da ita, don haka ba shi nake yi wa wannan bayani ba. Kai ma da ba Musulmi ba, doka tana kallon wurin da ka ajiye bokitinka. Tun da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a ƙarshen 1999, jihohin Arewa goma sha biyu ne ke aiki da ita, kuma kowa ya sha ganin Hisbah a Kano tana farfasa kwalabe. Filato ba ta cikinsu. Amma ko a Filato, ranar da ka fara cika kwalba kana liƙa takarda kana sayarwa, maganar ta koma hannun NAFDAC. Su ma Turawan da kake kallo ba tun fil azal suke da wannan dama ba. A Ingila sai a 1963 aka cire sharaɗin lasisi ga mai yin giya a gida, a Amurka kuwa sai da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a wata doka a 1978.

Amsata a gajarce: bokiti mai murfi da mafitar iska, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ma'aunin zafi, sai haidiromita, wato gilashin auna yawan sukarin da ke cikin ruwa. Tukunyar nan mai ƙyalli da ta ɗauke maka hankali ita ce ta ƙarshe a layi. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Dalili shi ne ba kai kake yin giya ba, yis ne yake yi, wato ƙwayar nan mai rai da ke sa ƙullin burodi ya kumbura. Shi ke cin sukari ya mai da kusan rabinsa barasa, rabin kuma iskar kabon. Naka aikin bai wuce ka tanadar masa ruwa mai zaƙi, ka hana wasu ƙwayoyi su riga shi ci, ka tsare masa zafin da yake so ba. Duk kayan da bai taimaka wa ɗaya daga cikin waɗannan ba, ado ne.

A nan ne hanyarka ta rabu da ta gwaggo. Burkutu tsami ake so a cikinta. Da gangan ake barin ruwan tsiro ya kwana a buɗe don bakteriya masu kawo tsami su yi aikinsu, tsohuwar randa kuma tana riƙe da yis a cikin ƙofofin jikinta daga wannan dafi zuwa wancan. Ana shanta tana kan tsiyayar kumfa, in ta wuce kwana biyu ko uku ta zama wani abu dabam. Kai kuwa kana son abin da zai yi wata uku a kwalba bai canza ba. Saboda haka randarta da ƙwaryarta da muciyarta, waɗanda su ne jarinta, a wurinka su ne masu ɓata aiki. Ba ƙazanta ce ta sa ba. Ƙasa da itace da duma suna ɓoye ƙwayoyin da ita take nema, kai kuma kake gudu.

To, bokiti. In lita 20 za ka yi, nemi mai cin lita 25 zuwa 30, don kumfa na buƙatar wuri. Sabo, fari, mai murfin da ke kamawa gam. Ka kifa shi ka duba gindinsa, za ka ga lamba a cikin wata 'yar alama mai kusurwa uku: 2 ko 5 kake nema, su ne robobin da aka saba zuba abinci a ciki. Robar ruwan dispensa mai cin kusan lita 19 ma tana aiki, ta ma fi dacewa da giyar 'ya'yan itace saboda wuyanta siriri ne kuma kana ganin abin da ke faruwa a ciki. Na san hannunka zai fara kaiwa ga jarkar nan ruwan ɗorawa ta man girki, tunda tana ko'ina kuma da araha. Ka bar ta. Hannu ba ya shiga cikinta balle a goge, mai kuma ba ya fita daga jikin roba gaba ɗaya. Ɗan abin da ya rage ya isa ya kashe kumfar giya ya bar mata warin tsohon mai. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kananzir ko maganin feshi kuwa, ko an wanke ta sau ɗari, ba ta shiga wannan magana. Haka bokitin ƙarfe mai rufin zinki da tsohon durom: ruwa mai tsami yana cin jikinsu, abin da ya ci kuma cikinka zai tafi. Kada kuma ka taɓa goge bokitinka da soson ƙarfe, don kowane ƙarce da ka yi masa maɓoyar bakteriya ce.

Mafitar iska ita ce ƙaramin abin da ya fi komai biyan kuɗinsa. Lita 20 na giya kan fitar da ɗaruruwan litoci na iskar kabon. In ka toshe ta, murfi zai tashi ko robar ta fashe. In ka bar baki a buɗe, iskar waje ta shiga, da ita da ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro, waɗanda ke yawo da bakteriyar da ke mai da barasa khal. Turawa suna da wata 'yar roba mai lanƙwasa da ake ɗiga wa ruwa, iska ta fita ta cikin ruwan, ba ta iya komowa. In ka samu, saya, ba ta da tsada. In ba ka samu ba, ga yadda ake yi. Ka sayi sabon tiyo siriri mai haske, kamar mita ɗaya. Ka ɗora ƙusa a wuta, ka huda murfin bokitin, hudar ta ɗan fi tiyon ƙanƙanta don sai da ƙarfi zai shiga. Ka tura shi ya leƙa ciki kaɗan, kada ya taɓa giyar, ka bi gefen da silikon ko narkakken kyandir. Ɗaya bakin ka tsoma shi a kwalba mai rabin ruwa. Cikin kwana ɗaya za ka ji tana ɓul-ɓul. Ka ajiye kwalbar a ƙasa, ƙasa da bokitin sosai. Daren hunturu a Jos, in sanyi ya sauka, iskar cikin bokitin takan tsuke, ta zuƙo ruwan kwalbar ya koma cikin giyar in suna tsayi ɗaya. Kuma sabon tiyo na ce, ban da na ƙarin ruwa da aka gama aiki da shi a asibiti.

Sai tsabta, wadda ita ce ke raba wanda ya sha giyarsa da wanda ya zubar a kwata. Wanke kaya daban, kashe ƙwayoyin jikinsa daban. Da farko ka wanke da sabulun wanke-wanke mara turare har ido ya daina ganin datti, sannan ka kashe abin da ido ba ya gani. A ƙasashen waje suna amfani da Star San ko ruwan aidin na musamman, waɗanda ba sa buƙatar ɗauraya. A nan abin da ke kusa da kai shi ne bilic, irin su Hypo da Jik, wanda ba a sa wa ƙamshi ba. Babban cokali ɗaya a lita 4 na ruwa, kaya su jiƙa minti 20, sannan a ɗauraye da ruwan da aka tafasa. Ɗaurayar nan kada ka yi mata ha'inci. Ɗan ragowar bilic in ya haɗu da giya yakan ba ta warin ɗakin magani, kuma babu abin da ke cire shi. Kada ka haɗa bilic da khal ko wani abu mai tsami, iskar da ke tashi guba ce. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kafin tafasa wuta za ta yi maka aikin, bayan tafasa kuwa duk abin da zai taɓa ruwan, cokali ne, mazurari ne, tiyo ne, hannunka ne, sai ya bi ta magani. Ka haɗa da burushin wanke kwalba mai dogon hannu. Kwalba talatin ba wasa ba ce, ita ce ranar da yawancin masu sha'awa suke fara tunanin ko sun ɗauko abin da ya fi ƙarfinsu.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau, wato zafi. Masu bidiyon nan suna zaune a ƙasashen da ɗakin ajiyarsu ke kan digiri 18 ba tare da sun yi komai ba, don haka ba sa yawan magana a kansa. Mu kuwa shi ne babbar matsalarmu. Ma'aunin zafi na girki, mai tsinin ƙarfe da lambobi, wanda ke auna daga sifili zuwa sama da 100, zai yi maka aiki sau biyu.

Na farko wajen jiƙa tsiro. Hatsi sitaci ne, yis kuma ba ya cin sitaci. In hatsi ya tsira yakan samar da wasu sinadarai, enzayim, masu yanka sitaci su mai da shi sukari. Suna aiki sosai tsakanin digiri 62 da 70, in zafi ya kai wajen 78 sun mutu. Da sha'ir abin da sauƙi, domin sitacinsa yana narkewa a kusan digiri 60, sai a zuba ruwan ɗumi a rufe awa ɗaya a tafi. Dawa ba haka take ba. Sitacinta sau da yawa sai zafi ya haura 70 yake sakin jiki, wato daidai inda enzayim ɗin suka fara mutuwa, ga shi kuma tsiron dawa bai kai na sha'ir yawan nau'in enzayim mai ba da sukarin da yis ya fi so ba. Wanda ya ɗauki tsarin sha'ir ya ɗora wa dawa zai tashi da ruwa salam, mai kauri amma ba zaƙi.

Matan da ke dafa pito a arewacin Ghana da dolo a Burkina Faso, da da yawa daga cikin masu burkutu a wajenmu, sun daɗe da warware wannan. Sukan dama niƙaƙƙen tsiro da ruwa su bar shi ya kwanta, su tsiyaye ruwan sama su ajiye gefe, su dafa na gindin har ya yi kaurin kunu, su bar shi ya ɗan huce, sannan su mai da ruwan da suka ajiye. Ruwan saman nan shi ke ɗauke da enzayim, sun kare shi daga wuta ke nan, sitacin kuma ya dahu. Su da yatsa da shekaru suke gane lokacin mayarwa. Kai ba ka da shekarun, don haka ma'auni: bayan ka haɗa su, ka nemi zafin ya tsaya wajen 63 zuwa 67, ka riƙe shi a nan awa ɗaya ko fiye. In da hali, ka je ka zauna kusa da gwaggo ranar dafi da ma'auninka a hannu, ka rubuta lambar da ya nuna a kowane mataki. Kada kuma ka raina dawa. Lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya na Najeriya dawa suka koma wa, har da nau'in SK5912 da cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, ta fitar.

Aiki na biyu shi ne lokacin da yis ke ci. Nau'in giyar da Ingilishi ke kira el tana son digiri 18 zuwa 22. Laga, wadda ita ce mafi yawan abin da ake sayarwa a kwalba a ƙasar nan, tana son 8 zuwa 13 na makonni, sannan a ajiye ta cikin sanyin da ya fi haka. In ba ka da firji da wutar da ba ta ɗaukewa, ka cire laga daga ranka tun yanzu. Ka kuma tuna cewa yis yana fitar da nasa zafin, a kwanakin farko cikin bokiti yakan fi ɗakin da digiri biyu zuwa huɗu. In ya yi aiki a 30 ko sama zai gama da wuri, ka yi murna, amma giyar za ta fito da yaji a maƙogwaro da wari mai kama da na tinar fenti, ta kuma sa ciwon kai.

Kai ka yi sa'a da Bukuru. Tudun Jos ya haura mita 1,200, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ɗakin da rana ba ta bugu zai yi maka kusan duk aikin. Wanda ke Yola ko Lafiya ko Makurɗi a watan Maris sai ya yi dabara. Mafi sauƙi ita ce a zaunar da bokitin cikin baho mai ruwa, a lulluɓe shi da tsohon tawul wanda gefensa ke cikin ruwan, a sa inda iska ke kaɗawa. Safe da yamma a jefa robar ruwa mai ƙanƙara ɗaya ko biyu a bahon. Hikimar ɗaya ce da ta randa cikin randa mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: ruwan da ke bushewa shi ke tafiya da zafi. Shi ya sa tana aiki da rani, da damina kuwa, iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, sai kaɗan. Akwai kuma wani yis na manoman Norway, kveik, wanda ke aiki lafiya lau a digiri 30 zuwa 40. In kana da mai zuwa daga waje, ka bar masa saƙon wannan kafin ka bar masa na kowace na'ura.

Haidiromita gilashi ne dogo mai nauyi a gindi, da lambobi a wuyansa. Ana zuba ruwan a dogon kofi siriri a sake shi a ciki. Ruwa zalla yana nuna 1.000. Sukari na ƙara wa ruwa nauyi, sai gilashin ya taso. Ruwan giyar hatsi kafin a sa yis yakan nuna 1.040 zuwa 1.055, ya sauka zuwa wajen 1.010. Na 'ya'yan itace yakan fara daga 1.080 zuwa 1.095, ya ƙare ƙasa da 1.000. In ka cire lambar ƙarshe daga ta farko ka ninka da 131, ka samu ƙarfin barasar: daga 1.050 zuwa 1.010, kashi 5 cikin ɗari da ɗan ɗoriya ke nan. Ka karanta shi idonka daidai da saman ruwan, ka ɗan murza shi kumfa ta saki jikinsa, ruwan kuma ya kasance kusa da zafin da aka rubuta a jikinsa, yawanci digiri 20.

Amma ba don sanin ƙarfi na sa shi cikin huɗun farko ba. Don kwalba ne. Ɓul-ɓul ɗin tiyo ba shaida ba ce. Yana iya tsayawa don murfi ya yi yoyo, ko don sanyin dare ya sa yis ya lafa, alhali sukari na nan. Ka cika kwalba a wannan hali, rana ta yi ɗumi, yis ya farka, iska ta taru ba mafita, gilashi ya tarwatse. Ɓaraguzan kwalba suna cire ido, kuma a gida akwai yara. Ka auna yau, ka auna bayan kwana biyu ko uku. In lambar ta sauka inda ake tsammani kuma ba ta motsa ba, sannan ka ɗauko kwalabe. Ka nema wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwajen makarantu ko a intanet, ka tabbatar mai auna 0.990 zuwa sama da 1.100 ne, don akwai na batirin mota da na madara, ba su ba ne. Ka sayi biyu in za ka iya, yana da saurin karyewa.

Ƙaramin sikelin girki mai auna giram shi ma dole ne, domin mudu da gwangwani da cokali kowane gida da nasa. Inda ya fi muhimmanci shi ne ranar cika kwalba. Ana ƙara sukari kaɗan don giyar ta yi gas a ciki, giram 5 zuwa 7 a kowace lita, a narka shi da tafasasshen ruwa a gauraya da giyar duka. Ka ninka wannan da kuskure, ka koma maganar fashewa.

Tiyo na biyu, mita ɗaya da rabi, na kwashe giya ne daga bokiti zuwa kwalba ba tare da an tuttula ba. Tuttulawa tana tayar da laka ta gindi, tana kuma cusa iska, giyar ta tsufa da wuri. Kada ka ja da baki yadda ake jan fetur. Ka cika tiyon da tafasasshen ruwan da ya huce, ka toshe bakin da yatsa, ka tsoma ɗaya gefen, ka saki a ƙasa.

Kwalba kuwa, mai ruwan ƙasa-ƙasa kuma mai kauri, irin wadda aka yi don giya ko lemo mai gas. Hasken rana yana lalata ɗanɗanon hops, wato furen da ake tafasawa da ruwan tsiro don ɗaci da ƙamshi, cikin ɗan lokaci, farar kwalba da koriya ba sa tare shi sosai. Za ka buƙaci sabbin marafai da abin matse su. In bai samu ba, robar lemo mai murfin murɗawa ta wadatar, har ma na fi so mai koyo ya fara da ita: kana matsa ta da hannu ka ji yadda gas ke taruwa, in ta yi tauri fiye da kima ka ɗan sassauta murfin. Ka dai ajiye ta a duhu. Kwalbar wiski ko ta man gyaɗa ba a yi su don matsin iska ba.

Sai yanzu muka zo kan tukunya. Babbar tukunyar alminiyon ta biki, mai cin lita 30, ta isa tafasa ruwan tsiro awa ɗaya. Ka bar mata sarari, don da ta fara tafasa takan yi bori ta zube. Kular abinci babba tana riƙe zafin jiƙon tsiro fiye da tukunya a kan murhu. Wajen tacewa, dawa ba ta da ɓawo irin na sha'ir da ke zama matacin kansa, sai ka ɗinka babban buhu da yadin labule mai raga, ko abin tatar koko, ka ɗaga shi ya tsiyaye. In za ka kai niƙa, ka ce ɓarza kake so, ba gari ba, kuma ka tsaya a wanke injin a gabanka, in ba haka ba giyarka za ta fito da ɗanɗanon tattasan wadda ta riga ka. Bayan tafasa ana so ruwan ya huce da sauri zuwa wajen digiri 22. Turawa suna da murɗaɗɗen bututun jan ƙarfe na wannan aiki, kai baho da ƙanƙara, tukunya a rufe. Hops ba ya yi a ƙasarmu, sai an shigo da shi. Masu bincike a jami'o'in Najeriya sun gwada shuwaka da namijin goro a madadinsa, suna ba da ɗaci, amma ƙamshin ba ɗaya ba ne, ka fara da kaɗan.

Giyar 'ya'yan itace ta fi sauƙin kaya nesa ba kusa ba, tunda sukarin yana nan, ba tsiro ba dogon dafi. Ana noman inabi a wajen Kudan ta jihar Kaduna, amma abarba, mangwaro, gwaiba, kashu da zoɓo sun fi kusa da kai. Ba ka buƙatar injin matsa, buhun tata da hannu mai tsabta sun isa. Abin da za ka ƙara shi ne mazubi na biyu mai siririn wuya. Bayan mako ɗaya a bokiti sai a kwashe zuwa cikinsa a cika har wuya, domin daga nan iska ce abokiyar gaba, kuma zaman na watanni ne. Ka nemi ƙwayar Campden, wato metabaisalfait, mai daƙile baƙin ƙwayoyin da ke cikin ruwan 'ya'yan itacen: ɗaya a lita huɗu da rabi, a jira awa 24 kafin a sa yis. Mai ciwon asma ya yi hattara da ita. Mangwaro da gwaiba suna da wani danƙo mai hana ruwa washewa, enzayim ɗin pektines ke warware shi. A nan tukunyar alminiyon ba ta da wuri, zoɓo da abarba da tsamiya suna cin jikinta, sai ƙarfe mara tsatsa ko roba. Yis na burodi zai yi aikin, amma yakan bar giyar da duhu da ƙamshin gidan burodi. Ƙaramin ƙunshin giram 5 na yis ɗin inabi, irin Lalvin EC-1118, yana jure zafi har wajen digiri 30 kuma ya isa lita 20.

Akwai abin da babu na'urar da ke gyara shi, wato mugun hatsi. Irin shuka da aka shafa wa magani, da dawar da aka ajiye da maganin ƙwari, da wadda ta yi fumfuna, duk ka kauce musu. A Janairun 2015 a garin Chitima na Mozambik mutum fiye da 70 suka mutu bayan shan giyar gargajiya a wajen jana'iza, bincike ya gano gubar wata bakteriya ce da ta yaɗu a cikin garin masarar da ya lalace. Tsiron dawa kuma saiwarsa da ɗan ganyensa suna ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid. Ka shanya shi ya bushe ƙarau a kan tabarma mai tsabta, ka murje da hannu, ka sheƙe, ka tankaɗe da rariya kafin niƙa. Faifai da rariyar gwaggo a nan suna da aiki.

Kaya guda da zan ce kada ka kusance shi shi ne tukunyar turara barasa, irin ta masu ogogoro. Giyar da yis ya yi a bokiti methanol ɗin cikinta, wato wani nau'in barasa mai guba, kaɗan ne ƙwarai. Haɗarin yana zuwa ne in an fara turarawa da tarkacen ƙarfe, ko an ƙara sinadarin masana'anta don ta yi ƙarfi. A 2015 mutane da dama sun mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas, hukumomi suka danganta abin da methanol a cikin ogogoro. Ga haɗarin gobara, tururin barasa kusa da wuta. Abin da yis ya ba ka, ka tsaya a nan, kada ka jefa komai a ciki da sunan ƙara masa kaifi.

In ni ne kai, ba zan fara da lita 20 na dawa ba. Zan fara da lita 5 na zoɓo, in koyi kayan a kansa. Busasshen zoɓo kamar giram 150, a jiƙa da ruwan zafi a tace. Sukari wajen kilo ɗaya da giram 100, ana zubawa ana aunawa har haidiromita ya nuna 1.085. A yanka busasshen inabi cikin hannu ɗaya a zuba, domin zoɓo da sukari kaɗai ba su da abincin da yis ke buƙata, in ya ji yunwa warin ruɓaɓɓen ƙwai yake fitarwa. Ruwa ya huce zuwa ƙasa da digiri 25, a sa yis, a rufe, a tsoma tiyo. Ka samu littafi ka rubuta kwanan wata, nauyin kowane abu, lambar haidiromita da zafin ɗakin safe da yamma. Bayan mako biyu zuwa uku lambar za ta sauka wajen 0.995, wato barasa kusan kashi 12 cikin ɗari, fiye da ninki biyu na giyar kwalba, don haka da ƙaramin kofi ake shanta. Ka kwashe ta daga kan laka zuwa roba mai siririn wuya, ka cika har sama, ka mai da tiyo, ka ba ta wata biyu kafin ka cika kwalba.